Garejin da ba ya gaggawar sauke giyabos: yadda suke binciken kulocin motar da ke yawan ajiye

A unguwannin Kano irin su Nassarawa GRA da Bompai akwai motocin da ba sa ganin kwalta sai da Sallah ko ranar ɗaurin auren wani ɗan gida. Nissan 350Z ce ko 370Z, ko BMW Z4, ko Mazda MX-5, ko Toyota 86, masu ƙofa biyu da giyar hannu, an lulluɓe su da tamfol a ƙarƙashin rumfa. Kukan masu su iri ɗaya ne. An canza kuloci bara, motar ba ta yi kilomita dubu biyu ba, ga shi yau fedal ya nutse ƙasa ya ƙi dawowa, ko giya ta ƙi shiga. Sai a koma wurin makanike, ya sake sauke giyabos, ya sake sa sabon faranti, bayan wata shida a dawo gidan jiya.

Wannan bita ce ta wani ƙaramin gareji da ke gefen Ƙofar Ruwa, mai rami ɗaya da yara huɗu, wanda ya yi suna a aikin giyar hannu. Abin da muka duba shi ne yadda suke gano dalilin matsalar da ke komowa, domin ɗaura sabon kaya kowa ya iya. A taƙaice, bincikensu ya fi na yawancin garejin gari nesa ba kusa ba, aikin hannunsu yana da kyau amma da gyara, tsaftar wurin da ajiye bayanai kuwa sai a hankali.

Abin da ya fara burge mu shi ne ba sa taɓa sifana kafin su yi tambaya. Mai wata 370Z ya zo da maganarsa a shirye, a sauke giyabos a sa masa kuloci na asali. Ogan garejin ya ce masa, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon motar nan da tafiyar rabin awa a kan titi? Kuma da aka yi aikin bara, an canza man ko ƙari aka yi?" Amsar ita ce wata huɗu, man kuma ƙari aka yi. Tambayoyin nan biyu sun rage rabin aikin. Farantin kuloci da taka yake cinyewa, kamar takalmi. Motar da ba ta tafiya ba ta cin faranti. Idan matsala tana komowa a motar da ke zaune, a fara zargin abin da zama ke lalatawa, wato mai da robobi da ƙarfen da ke tsatsa.

Duk motocin da muka ambata kulocinsu na mai ne. Fedal yana tura masta, wanda makanikai ke kira kulocin sama, shi kuma ya tura mai ta cikin siririn bututu da guntun tiyon roba zuwa kulocin ƙasa, wanda ke danna boris, wato zoben ƙarfe mai juyawa, ya saki farantin. Man da ke ciki man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, kuma halinsa shi ne shan danshi daga iska ko ana tuƙa motar ko ba a tuƙa ta. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa ya ƙoshi sai ya sauko wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa 140. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu, ba tare da duba kilomita ba. A Kano damina ɗaya ta watan Yuli zuwa Satumba a ƙarƙashin tamfol tana ƙara masa danshi. Ruwan da ya shiga ba tafasa kawai yake jawowa ba. Yana cin bangon silinda daidai inda robar fistin ta tsaya wata da watanni, ranar da aka taka fedal sai robar ta bi ta kan wannan ƙaiƙayi ta yage. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, yana busar da robar da ba ta motsi har ta ƙandare.

Yaran garejin sun san wannan, kuma suna bin sa daki-daki. Sun buɗe murfin man 370Z ɗin, suka zuƙo kaɗan da sirinji suka zuba a farin murfin roba. Sabon mai kalar man gyaɗa yake, garai-garai. Wannan ya fito kamar shayin da aka manta a kan wuta, da ɗigo-ɗigon baƙi suna yawo a ciki. Suna da ɗan alƙalamin gwajin danshi mai fitilu, suka tsoma, ya haska sama da kashi 3 cikin ɗari, inda ake cewa man ya gama aiki. Alƙalamin ba shi da tsada, ba kuma shi da cikakkiyar daidaito, amma garejin da ke da shi a gari ƙalilan ne. Baƙin da ke yawo a man kuwa roba ce da ke narkewa, wani lokaci haɗe da ƙurar faranti a motocin da kulocin ƙasansu ke cikin giyabos.

Daga nan sai gwajin ƙafa, injin a kashe. A taka fedal a hankali a riƙe shi a tsakiya kamar daƙiƙa talatin. Idan ya riƙa sulalewa ƙasa da kansa alhali man bai ragu a kofin da ake zuba shi ba, masta ce ke mayar da mai baya ta gefen robarta. Irin wannan yoyon na ciki ne, ba a ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa, shi ne ke ruɗa makanikai da yawa. Idan fedal ya yi laushi amma ya yi ƙarfi bayan an buga shi sau biyar ko shida da sauri, iska ce a layi, sai a nemi ta inda take shiga. Idan man yana raguwa, yoyon na waje ne. Nan ogan ya sa ƙaramin yaronsa ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari da tocila. "Kai, sa yatsa a bayan robar sandar, ka gaya mini abin da ka ji." Yaron ya fito da yatsa a bushe. Da ya fito da maiƙo, ko an ga fentin jikin motar ya kumbura a wurin, ko kafet ya jiƙe, da masta ce ke zubarwa cikin mota. Mutane da yawa sun shekara suna ƙara mai ba su san kafet ke shanye shi ba.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na toshe layi. Suna kwance bututun a inda ya haɗu da tiyo, su ɗaura noti mai toshewa, su cire iska, su taka. Idan fedal ya tsaya ƙyam kamar an taka dutse kuma bai sauka ba, masta lafiya lau, laifin yana ƙasa. A 370Z ɗin haka aka yi, fedal ya tsaya. Sai suka shiga rami suka haska ƙasan ƙoƙon giyabos, inda yake haɗuwa da inji, suka ga danshi. Ogan ya shafa ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ɗiga masa ruwa. Man birki yana narkewa a ruwa ya wanke, baƙin mai na inji ba ya yi, man giya kuma warinsa ba ya ɓuya. Wannan ya wanke. Sai a lokacin ya yarda a sauke giyabos.

Dalilin yana cikin ƙirar motar. 350Z ta shekarun 2003 zuwa 2006 kulocin ƙasanta a waje yake, a jikin giyabos, noti biyu ne ka cire shi. Daga 2007, da aka sa mata sabon injin da ake kira HR, Nissan ta koma kulocin ƙasa mai zagaye wanda ke haɗe da boris a cikin ƙoƙon, kuma 370Z ta gaji wannan tun fitowarta a 2009. Yana zaune ne cikin zafi da ƙurar faranti, kuma masu waɗannan motoci a ko'ina sun san shi da saurin mutuwa. Idan ya yi yoyo babu hanyar kai masa hannu sai an sauke giyabos. Abin takaicin da aka gano a wannan motar shi ne, a aikin bara an sa sabon faranti da sabon murfin da ke danne shi amma an mayar da tsohon kulocin ƙasa, an kuma bar tsohon mai. An biya kuɗin sauke giyabos an bar ainihin mai laifin a ciki. Ƙa'idar garejin nan ita ce duk ranar da giyabos ta sauka a irin wannan mota, kulocin ƙasa sabo ne zai koma, ko da tsohon bai nuna komai ba. Mun yarda da su ɗari bisa ɗari.

Haka nan ba sa yarda su canza ɗaya su bar ɗaya idan man ya riga ya yi baƙi. Sabon kulocin ƙasa da tsohuwar masta mai zubar da gutsattsarin roba, wata kaɗan ne sabon zai bi tsohon. Suna canza masta da tiyo tare, su wanke bututun ƙarfen da sabon mai har ya fito fari. Wani zai ce son sayar da kaya ne. A motar haya da ke aiki kullum ana iya ja da su, amma a motar da kayan cikinta duk suka tsufa tare a zaune, canza su ɗaya bayan ɗaya shi ne ainihin abin da ke sa matsalar ta zama ta kowace shekara. Tiyon ma ba a raina shi. Yana iya kumbura ta ciki ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa da sauri, sai fedal ya riƙa tasowa a kasalance, ko faranti ya riƙa zamewa bayan an yi tafiya. Daga waje kuma lafiya lau za a gan shi.

Ba kowace mota ce ke kai wa ga haka ba. MX-5 ƙirar farko da ta biyu kulocin ƙasanta a waje yake, ana ɗaga robar bakinsa a ga mai ya taru, aikin awa ɗaya ne. A irinta suna auna wasan fedal da rula, abin da yawancin makanikai ke yi da ido. Littafin motar ya ce milimita 5 zuwa 13 kafin a ji nauyi. Idan wani ya ƙara tsawon sandar masta don giya ta shiga, har wasan ya ɓace, fistin zai rufe ƙaramar kafar da mai ke komawa kofi. Da sanyin safiya motar lafiya, amma da an shiga cunkoson Titin Zariya man ya ɗumama ya faɗaɗa, sai ya rasa hanyar komawa, ya riƙa danna boris da kansa. Faranti ya fara zamewa, a ji ƙauri, a ce kuloci ya ƙone. Ya ƙone ɗin, amma noti ɗaya da aka murɗa fiye da kima ne ya ƙona shi, kuma sabon ma haka zai ƙone. A BMW Z4 kuwa kofi ɗaya ne birki da kuloci ke sha, kuma bakin da kuloci ke ɗiba yana sama da na birki. Idan man ya ɗan sauka, kuloci ne zai fara shaƙar iska alhali birki na kamawa. Sun san su duba wannan kafin komai.

Sai matsalar da ta fi kowacce alaƙa da zama, wato mannewar faranti. Fedal yana da nauyinsa daidai, mai bai ragu ba, giya tana shiga sumul idan inji a kashe yake, amma da an tayar sai ta ƙi, ko ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Tsatsa ce ta haɗa faranti da fulawil, wato faifan ƙarfen bayan inji da yake kamawa, ko ta kama haƙoran sandar giyabos da farantin ke zamewa a kai. An fi ganin haka bayan damina, ko a motar da aka wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi aka ajiye nan take. Yadda suke yi shi ne su bar inji ya yi zafi a furi, su kashe, su ɗaga ƙafafun baya a kan jakuna masu ƙarfi, su sa giya ta uku ko ta huɗu, su tayar da fedal a take, sannan su taka birki da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Yawanci sai a ji ƙas, ya saki. Idan ya ƙi bayan gwaji kaɗan suna haƙura su sauke giyabos, ba sa nacewa, domin nacewa na iya ɓamɓare fatar farantin. Wannan ya fi abin da ake yi a wasu wurare, inda ake tura mota a layin unguwa a fizge ta cikin giya, yara na wasa a gefe.

Gwajin zamewa kuwa a kan titi suke yi, a hanyar Katsina inda ta buɗe. Giya ta huɗu, gudu kaɗan, sai a taka totur har ƙasa. Idan allurar inji ta tashi gudun mota bai bi ta ba, faranti na zamewa. A motar da ba ta yi nisa ba suna zargin mai ne ya jiƙa shi, daga oyilsil, wato robar da ke tare mai, na bayan inji ko na gaban giyabos, waɗanda su ma zama ke busarwa. Sa sabon faranti ba tare da canza oyilsil ɗin ba asarar kuɗi ce.

Da aka zo ɗaurawa, akwai abin yabo akwai na gyara. Suna goge haƙoran sandar da burushin ƙarfe, su shafa giris kaɗan, su zura farantin su fitar sau biyu, su goge abin da ya taru. Haka ake so, domin giris mai yawa watsuwa yake ya koma kan farantin. Ba sa matsa sabon kulocin ƙasa mai zagaye da hannu kafin a ɗaura shi, abin da yara ke son yi don su ga ko yana aiki, wanda kuma ke iya lalata robarsa tun ba ta ga mai ba. Suna ɗaure notunan murfi a gicciye, kaɗan-kaɗan. Amma sifanar awo ɗaya ce a garejin, tana cikin akwatin oga, kuma idan ya fita sallah ko ya shiga kasuwa yaran da ƙarfin hannu suke ɗaurewa. Notunan murfin MX-5 ba a so su wuce 26 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, abin da matashi mai jini a jika zai haura ba tare da ya sani ba. Mai mota ya nace a yi wannan matakin oga na tsaye.

Rauninsu na gaske yana wajen fulawil mai hawa biyu, irin na Z4 da 350Z da 370Z. Wannan yana da sifirin a ciki, ba a kai shi wurin masu injin gogewa a wanke fuskarsa kamar na tsohuwar Peugeot. Ana auna yawan juyin da hawan biyu ke yi a banza da kuma girgizarsa, a gwada da abin da kamfanin ya ƙayyade. Su da hannu suke jijjigawa su yanke hukunci. Idan ya lalace sosai za su gane, amma wanda ke kan iyaka zai wuce su, daga baya ya dawo da kakkarwa wajen tashi da ƙara idan an kashe inji, a sake ɗora wa kuloci laifi.

Tsafta ma sai an sa ido. Filin garejin ƙasa ce, kuma a lokacin hunturu ƙura ba ta barin komai. Mun ga an bar bakin bututu a buɗe na tsawon awanni ana jiran kaya daga kasuwa. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin masta ta isa ta tsaga roba. Leda da ɗan zare sun isa su rufe bakin, ba a bukatar wani kayan aiki. Ba sa kuma rufe fenti idan suna zuba mai, alhali man birki yana cin fenti cikin mintuna.

Wajen kaya suna da gaskiya. Ba sa sa masta ko kulocin ƙasa na Beljiyam, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne, domin kayan da ya shekara a kwantena da shago a bushe yana ɗauke da irin cutar da ake gudu. Faranti da murfi suna neman Exedy ga motocin Japan, LuK ko Sachs ga BMW, kuma suna gaya wa mai mota tun farko cewa na waɗannan motoci ba kasafai ake samunsa a Ƙofar Ruwa ba, sai an yi oda daga Legas ko daga waje, a jira sati ɗaya zuwa uku. Kwalin jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka suna buɗewa a gaban mai shi. Man birki kuwa sai sabuwar kwalba mai hatimi, ba sa karɓar wadda aka buɗe aka bari a but. Layin kuloci kaɗai kwalbar milimita 250 zuwa 500 ta ishe shi wanki, amma a BMW da ake haɗawa da birki a tanadi lita ɗaya. DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba a garwaya su. Man sitiyari ko na giyar otomatik idan ya shiga kofin, robobin duka kumbura suke, sai an canza komai.

Suna karɓar kuɗin bincike daban, ko an yi aikin a wurinsu ko ba a yi ba, abin da wasu masu mota ke jin haushinsa tunda an saba dubawa kyauta ce. Bai kai kuɗin sauke giyabos ko kusa ba. Abin da ba su yi shi ne rubutu. Babu rasit mai bayanin abin da aka canza, babu kwanan wata a jikin kofin mai, komai yana kan oga. Ga motar da matsalarta ta lokaci ce, wannan gibi ne babba. Mai mota ya sayi ɗan littafi ya ajiye a aljihun gaba, ya rubuta ranar da aka canza mai da irinsa da kilomita.

Shawarar da suke bayarwa a ƙofar fita ita ce ta fi kowane kaya da suka ɗaura amfani. Tayar da inji na minti biyar da maigadi ke yi kowace safiya ba ya taɓa kuloci, sai dai ya tara gumi a salansa. Motar tana bukatar fita duk sati biyu, minti ashirin zuwa talatin, a bi duk giyoyin har ribas, ko da zagayen Eastern Bypass ne a dawo. Idan ba za ta fita ba, a taka fedal har ƙasa sau goma zuwa sha biyar duk sati. Kada a tokare fedal da sanda a bar shi a danne don gudun mannewa, domin hakan yana barin robobi cikin matsi dare da rana. Bayan wanki a zagaya da ita ta bushe kafin a rufe, tamfol ɗin kuma ya zama mai shan iska, a ɗaga shi lokaci-lokaci da damina. A sa wa taya waigi maimakon jan birkin hannu na watanni, a kuma leƙa ƙarƙashin bonet saboda ɓeraye. Man kuloci a canza shi duk shekara biyu, a 370Z da 350Z ta ƙarshe kuwa su duk shekara suke so, a watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke.